Gwaggo Asabe, Ungozomar Kunkuru

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Gwaggo Asabe a Bowie riƙe da leda ya san abin da ya same shi. Tun kafin ta amsa sallama za ta miƙo hannu, kuma ba gaisawa take so ba, ledar take so. Ta juye kayanka a kan tebur, tsaraba ce ko takalmin yaro, ta ninke ledar ta cusa a aljihun jallabiya, sannan ta ce, "To, wa alaikumus salam. Ina gajiya?"

In ka tambayi dalili sai ta ce, "Kunkurun teku ne ke haɗiye ta, ya ɗauka abinci ne."

"Hajiya, ina kunkurun teku a Maryland?"

"Ruwan sama ya ja ta zuwa kwata, kwata ta kai kogi, kogi ya kai teku. Sai na zana maka?"

Ni kam na fi kowa shan wannan karatu, don yayar mahaifina ce, kuma a hannunta na zauna da na zo karatu Amurka, kafin in koma Silver Spring. Da yawanku kuna nan ranar sunan 'yar ɗanta, Dakta Nasiru. An cika bayan gida da balan-balan, wai in an gama addu'a yara su sake su sama. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, sai ji muka yi fas! Fas! Fas! Wallahi har Liman sai da ya duƙa. Muna waigawa muka ga Gwaggo tana bin su ɗaya bayan ɗaya da fil ɗin mayafinta.

Nasiru ya ce, "Haba Mama, ado ne fa!"

Ta ce, "Adon ya tsaya a ƙasa. In ya tashi sama, a cikin wa zai sauka? Malam, ci gaba, muna cewa amin."

Da ba haka take ba. Nas ce, ungozoma, ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Washington. Da ta yi ritaya kowa ya ɗauka za ta zauna ta yi renon jikoki, ta riƙa leƙawa Umara. To Umara kam ta je. Amma wata rana muna cin tuwo, talabijin ta nuno wata ƙatuwar kunkuru ta jawo jiki daga teku, ta tona rami, tana saka ƙwai, ruwa na zubo mata daga ido. Mai bayani ya ce irinsu na neman ƙarewa. Gwaggo ta ajiye lomarta.

"Ummi, wannan baiwar Allah ita kaɗai take haihuwa? Ba kowa a kanta?"

Na ce, "Gwaggo, ƙwai ne fa, ba haihuwa ba."

"Ke kin taɓa yi ne? Dubi idonta. Na san naƙuda in na gan ta."

Ba a yi wata ba ta sa na nemo mata wata ƙungiya da ke karɓar 'yan sa-kai a bakin teku a Costa Rica. Nasiru ya taso daga asibiti ko rigar aiki bai cire ba.

"Mama, ke fa 'yar Katsina ce. Ko ruwa ba ki iya ba!"

"Ita ma a tudu take haihuwa. In ta koma ruwa, ta fita daga hannuna."

Ta tafi. Shekara ta zagayo ta sake shiri, wannan karon aka ce sai na raka ta. Jama'a, da kun ga abin da na gani! Sauran 'yan sa-kan duk samari ne da 'yan mata, ɗalibai, kowa da gajeren wando. Ga Gwaggo a tsakiyarsu da hijabi har ƙasa, da takalmin roba na ruwa, da gorar shayi a rataye. Dokar wurin ita ce in kunkuru na saka ƙwai ba a magana, ba a haska ta, ba a taɓa ta. Gwaggo ta kiyaye biyun ƙarshe. Ta durƙusa a bayanta tana raɗa, "Sannu, 'yar nan. Yi haƙuri, saura kaɗan. Yauwa!" Shugabar aikin, wata matashiya mai haƙuri, ta yi magana har ta gaji. Gwaggo ta ce mini, "Gaya mata da Hausa nake yi, ba ya firgita su."

Wata safiya mun idar da asuba muka fita zagaye, gari ya fara haske, sai muka hango wani dattijo da buhu ya durƙusa yana tona wani rami da aka saka ƙwai a daren. Mutanen ƙauyen wasu na kwasa su kai kasuwa, da shi suke ci. An gargaɗe mu in mun ga haka kada mu tanka, mu koma mu faɗa. Ni har na juya. Gwaggo kuwa ta nufe shi kai tsaye, ta yi masa sallama, ta shimfiɗa dardumarta a bakin ramin, ta zauna ta tare, ta zaro carbi.

Mutumin ya yi ta faɗa da Sifaniyanci, da adda a gefensa. Na dawo da sauri na tsaya a bayanta.

Na ce, "Gwaggo, don Allah taso, adda ce fa!"

"Ta kwakwa ce. Ce masa mai jego ba ta nan, ni ta bar wa ajiya."

"Da wane yaren zan gaya masa?"

"To yi shiru, kina ɓata mini lazimi."

Ya zauna, ta zauna. Rana ta fito ta fara dukanmu, ba wanda ya motsa. Can sai idonta ya kai kan ƙafarsa, ashe wani ciwo ne a ƙwauri ya kumbura, an ɗaure da tsumma. Ta yafito shi da hannu. Ya ƙi. Ta daka masa irin tsawar da take yi wa mazan da ke leƙe a ƙofar ɗakin haihuwa, sai ga shi ya matso kamar yaro. Ta buɗe jakarta ta wanke ciwon ta ɗaure, duk ba ta ɗaga daga kan darduma ba. Ya ɗauki buhunsa wayam ya tafi yana ɗingishi. Kullum da safe sai ya dawo wankin ciwon, har ƙafar ta kame.

Ranar da za mu taho sai ga shi da kwano a rufe, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe. Ƙwai ne fal!

"Innalillahi! Ummi, riƙe ni! Duk wahalar da na yi a kan ƙafar nan?"

Bawan Allah ya ga fuskarta ta sauya, ya rasa yadda zai yi bayani. Sai ya saka hannuwa a hammata, ya karkaɗa su, ya miƙe wuya ya yi kyarkyara irin ta kaza. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. A daren ta soya mana su da yajinta na Katsina, ɗaliban nan suna ci suna hawaye suna neman ƙari.

Haka ta riƙa zuwa duk shekara har zuciyarta ta fara ba ta matsala. Likitoci suka ce ta huta. Nasiru, da yake shi ma likitan zuciya ne, ya san abin da hoton zuciyarta ya nuna, sai ya ɗauke fasfonta ya ɓoye. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta za ta ce, "Ummi, gaya wa likitan can abincinsa na kicin." Ta kira dattawan masallaci ɗaya bayan ɗaya ta kai ƙara, wai an tsare ta a ƙasar da ake cewa akwai 'yanci. Sai da Liman ya kira shi gefe ya ce, "Dakta, don Allah ka ba ta, mu ma mu huta."

Nasiru ya zo ya durƙusa a gabanta, idonsa ya yi ja. "Mama, in abin ya tashi a can fa? Asibiti da nisa."

"To ba ga ka ba? Me na biya maka makaranta ka koya? Ɗauko jakarka."

Da shi muka tafi. Babban likita guda, Gwaggo ta ɗora masa hular kaba, ta ba shi reshen kwakwa, aikinsa korar angulu da karnuka daga bakin ramuka. Ita tafiya ta gagare ta, sai aka ajiye mata kujera a kan rairayi tana ba da umarni. "Nasiru, ta bayanka! Kai, wannan angulun ta raina ka!"

Ana gobe za mu dawo, da sanyin safiya, wani rami ya fashe. 'Ya'yan kunkuru ƙanana suka yi ta ɓullowa, kowanne bai kai tafin hannu ba, suna rige-rigen zuwa ruwa. Ɗaya ya faɗa cikin sawun ƙafa ya kife a bayansa, yana ta wutsil-wutsil. Nasiru ya sunkuya zai ɗauke shi ya kai shi teku.

Ta ce, "A'a. Juya shi kawai, ka bar shi ya taka da kansa. Haka na yi maka."

Ya juya shi. Muka tsaya muna kallo yana jan jiki, yana hutawa, yana sake ja, har igiyar ruwa ta zo ta ɗauke shi. Na dubi Nasiru na ga ya kau da kai yana goge fuska da hular kaban. Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi. To, a kai ni gida."

Sanyin shekarar bai fita ba ta cika, a ɗakinta, Nasiru na riƙe da hannunta.

Ya Allah, ga baiwarka Asabe ta zo gare ka. Ta tsaya a kan masu rauni, na mutane da na dabbobi, ba ta bar su su kaɗai ba. Kada ka bar ta ita kaɗai. Ka yafe mata, ka yalwata makwancinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.