Kujerar da Batulu ta ajiye wa Nomau

Batulu mai ƙuli-ƙuli ba ta taɓa zama a aji ba, amma a ƙauyensu, can bayan Gidan Sori, ba wanda ya kai ta sanin lakol, wato makarantar boko. Shekara goma sha ɗaya tana kasa kayanta a gindin itacen bedin ƙofar lakol ɗin, tun mijinta na da rai. Ta san ajin da ke yoyo, ta san bangon da ya tsage har akuya ke leƙowa. Shi ya sa mata suka naɗa ta shugabar iyaye mata. Gajera ce mai murya, kuma Allah ya yi ta da riƙo. In ka yi mata, ka dai jira, tana nan zuwa.

Shekarar da iska ta yaye rabin kwanon ajin autarta Raliya, darekta, Mushe Lurwanu, ya ce gwamnati na da kuɗin gyara, sai dai a kai dosiye, wato takardun nema, can meri, ofishin magajin gari. Ya rubuta, ita ta kai. Sau huɗu tana hawa kabu-kabu, yau a ce saura hatimi, gobe a ce mai buron, wato mai ofishin, ya tafi Maraɗi. Daga ƙarshe aka ce ran Alhamis za a turo mutane su gani da idonsu.

To, kun dai san halinmu da baƙo, ba ma so ya ga tsiyarmu. Nomau mai sayen wake, shugaban kwamitin lakol, ya ce a bakin ransa manyan gwamnati su iske garin kakanninsa kamar kufai. Ya kira gayya. Mata suka ɗebo ruwa, maza suka kwaɓa laka suka yaɓe tsagar tas, aka shafa farar ƙasa, shi kuma ya ba da aron kwanon sabon sitonsa aka jera a sama aka danne da duwatsu. Batulu ta ce masa ɓarnar ce fa za a zo gani. Ya dube ta a gaban maza ya ce, "Hajiya darekta, koma ki ji da kaskonki."

Aka yi dariya. Ta haɗiye, amma ba ta wuce mata wuya ba.

Baƙi suka zo, suka sha fura, suka zagaya, suka yaba gini. Kuɗin ya tafi wani ƙauye. Washegari Nomau ya kwashe kwanonsa. Ruwan farko kuwa ya jiƙa yaɓen nan, azara ta saki, ta sauko da laka a kan ƙafar Raliya. An yi ɗori, an je likita, ƙafa dai ba ta koma daidai ba, yarinya na ɗingishi har yau. Da Nomau ya zo jaje ya ce ƙaddara ce. Batulu ta amsa da to. Tun ranar ta daina gaishe shi.

Shekara biyu ta yi tana jira. Ta sa Mushe Lurwanu ya sake dosiye, ta sake bin hanyar meri har masu kabu-kabu suka san ta. Da aka sa ranar baƙi, ashe Nomau, bawan Allah, bai ji a jikinsa ba: ya ce a ɗan lailaye bango kaɗan, don mutunci.  Batulu kuwa gida gida ta bi, da Raliya a bayanta tana jan ƙafa, kuma duk uwar da ta kalli ƙafar nan ba ta nemi bayani ba. Ranar gayya maza suka tara ƙasa suka zauna jiran ruwa. Har azahar ba macen da ta taɓa guga saboda lakol. Suka watse da shebur ɗinsu, suna ta ƙunƙuni.

Abincin baƙi kuwa dama na mata ne, su ke shimfiɗa inda suka ga dama. Batulu ta sa aka shimfiɗa cikin ajin nan. Baƙi aka ba su bakin ƙofa, inda ke da dama-dama. Kujerar shugaban kwamiti, mai hannu, har da matashi, ta kai ta can ƙurya, ƙarƙashin azarar da ta rage, wadda gara ta cinye tana lilo.

Nomau ya shigo da babbar riga, ya ga kujera, ya ɗaga kai, ya tsaya cak. Babban baƙon ya ce bismilla mana, shugaba. Nomau ya zauna da rabin ɗuwawu, gumi na tsiyaya. Iska ta ɗan kaɗa, guntun kwano ya yi ƙara, ƙasa ta zubo masa a hula. Ai sai ga shugaba a waje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Batulu ta ɗauko ɗayan ta miƙa masa a gaban kowa.

"Nomau, ina za ka? Wurin ɗiyata ne na ba ka. Ita kullum nan take zama, daga safe har tashi."

Babban baƙon ya dubi azarar, ya dubi Raliya da ke jingine da bango, ya ajiye ludayinsa ya zaro biro.

Bayan girbi aka gina aji biyu na siminti da sabon kwano. Raliya ba ta zauna ciki ba, lokacin ta gama. Nomau ya bar kwamiti, ya ce harkar wake ta yi masa yawa. Batulu na nan gindin bedi da ƙuli-ƙulinta, kuma yanzu ta koma gaishe shi. Duk ranar da ya gifta, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta tambaye shi ko a kawo masa kujera.