Sunan da Na Ce a Goge

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ban yi boko ba, alƙalamin yana hannun jikata Nafisa, bakin nawa ne. Ba na kiran sunansa tun da na haife shi a unguwar Karantina, nan Jidda, don mu haka muka taso, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Babangida nake ce masa, shi ma sai ta kama.

Sana'arsa ɗaukar murya. Yana da wani ɗan ɗaki a bayan shagon kaset a unguwar Hindawiyya, ya liƙe bangon da katifar soso, ya ajiye kwamfuta. Masu bege da mawaƙan biki nan suke zuwa. Na daɗe ban san abin da yake yi a ciki ba, ni dai na ga yana ciyar da iyalinsa.

Wata shekara ciwon ƙirji ya kwantar da ni, har aka fara yi mini kallon mai tafiya. Da na ɗan miƙe sai ya zo ya durƙusa.

"Inna, waƙar rakiyar amarya da kika gada wurin Kaka, ina so ki rera mini ita. Ranar auren Nafisa a sa, ko kina nan ko ba kya nan."

"Wato ka gama yi mini sutura ke nan?"

"Astagfirullah, Inna! Yalla, tashi mu je."

Nafisa tana da shekara goma sha uku a lokacin. Na yafa mayafi na bi shi.

Abin da ya fara yi shi ne kashe na'urar sanyaya ɗaki, wai kukanta yana shiga murya. Zafin Jidda kuwa ba sai an faɗa ba. Ya ɗora mini wani abu a kunne, ya ce, "Ɗauka ta ɗaya." Ban kai rabi ba numfashi ya yanke. A ta biyu tari ya sarƙe ni. A ta uku ladan ya kira la'asar, muka tsaya.

Na ce masa mu haƙura, tsohuwa ba ta da iskar waƙa. Ya ce ba komai, ba sai na kai ƙarshe a zama ɗaya ba. Ya nuna mini fuskar kwamfutar, ga muryata a jere layi bisa layi kamar kunyoyin gona. Ya ce zai ɗebi baiti mai kyau daga wannan, ya ɗebi wani daga waccan, ya haɗa su su zama waƙa guda. A wurin numfashi ake yankawa, in ji shi, don kada kunne ya ji ɗinkin. Na ce ashe tela na haifa ban sani ba.

Sai dai na ba shi wahala. Shi yana so in maimaita yadda na yi ɗazu, ni kuwa ban taɓa rera waƙar nan iri ɗaya sau biyu ba. A wannan ɗauka in yabi kakannin da suka taka ƙasa daga Kano har bakin teku, a waccan in manta da su in shiga yi wa dangin ango gargaɗi. Ya dafe kai.

"Inna, kalmomin ba sa haɗuwa fa."

"Miyar jiya da ta yau ɗaya ce? Ai hannu ɗaya ne dai ya kaɗa."

A waƙar akwai wurin da ake faɗin ko 'yar wace ce amarya. Ɗauka shida ina kaucewa, ina cewa 'yar Babangida. A ta bakwai muryata ta buɗe yadda ta yi shekaru ba ta buɗe ba. Na rufe ido, na ga yarinyar cikin lalle, na manta da ɗakin da wanda ke cikinsa. Sai sunan ya fita daga bakina, na yankansa, tsaf.

Na ji dariya a kunnena. "Inna! Yau kin kira ni!"

Kunya ta rufe ni. Na cire abin kunnen na ce ya goge yanzu-yanzu, in ba haka ba ban yafe ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, an goge." Muka yi ta takwas da ta tara, amma muryar ba ta sake buɗewa haka ba.

Bai gama haɗin ba. Bayan wata biyar ya faɗi a shago, zuciya ce, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ɗanyen ganye ya faɗi, busasshe yana bisa reshe. Ni da aka yi wa tanadin tafiya, ga ni ina ƙirga masa shekaru.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shagon kaset ya koma wurin sayar da waya, kowane yaro yana ɗaukar murya a tafin hannunsa. Abokin aikinsa Usman, Bahaushen Sudan da ya riƙe kwamfutar amana, ya ce yanzu har karkatacciyar murya ana miƙar da ita. Ina jin Babangida zai yi murna da kayan, don yana son sabon abu. Amma ba na jin zai daina kashe na'urar sanyi ya zauna cikin gumi yana jiran tsohuwa ta huta.

Watan jiya aka sa ranar Nafisa. Usman ya buɗe aikin don ya ƙarasa, sai ga shi ya zo gida da kansa, yana sunkuyar da kai.

"Hajja, marigayi ya riga ya zaɓi baitocin, haɗawa kawai ta rage. Amma a wuri ɗaya ya sa alama, ya rubuta kada a taɓa. Na ce sai kin ji."

Ya kunna. Ɗauka ta bakwai ce. Ga sunan, ga dariyar, ga "Yau kin kira ni." Ashe ɗan nan ƙarya ya yi mini.

Usman ya ce yana iya cirewa ya sa baitin ɗauka ta biyar, ba wanda zai ji ɗinki. Zaɓi nawa ne. In na bari, matan Hindawiyya da na Karantina za su ji na kira ɗan fari da baki a tsakiyar taro. Sai Nafisa, mai ce mini Sitti, wato kaka, ta sa baki da Hausarta mai tafiya da sanda.

"Sitti, wallahi na manta sautin dariyar Baba."

Abin da babba ya hango, an ce yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan karon yaron ne ya hango. Na ce wa Usman ya bar shi yadda mai shi ya bari, har dariyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babangida bai bar gadon gida ba, bai bar gona ba. Ya bar waƙar da ba zan iya rerawa da numfashi ɗaya ba, ya tsinto mai kyau daga kowane yunƙurina ya ajiye. Haka yake yi wa mutane ma. Kuma na riga na yafe ƙaryar, tun kafin Usman ya kashe na'urar.

Nafisa ta ɗaga alƙalami tana tambayata wa za ta ce a yi wa addu'a, don masu karatu ba su san Babangida ba. Rubuta, 'yar nan. Allah ya jiƙan Sa'idu.