Sirdin Surukina

Ban taɓa mantawa da ranar da aka turo keken Malam Haliru ƙofar shagona ba, duk da cewa a ranar ban ɗauki aikin a bakin komai ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan bayanmu, musamman masu cewa sirdi ai soso ne da leda kawai, ku ba ni aron kunnuwanku.

Lokacin an gama dashen albasa a fadamar Wurno, ni kuma ban daɗe da buɗe shagon kaina ba. Don waɗanda ba su san tsarinmu ba: mutum yakan fara ne da faci da ba da iska, in hannunsa ya faɗa a koya masa ɗaurin wayar taya da gyaran birki, daga nan sai maigida ya duba inda ya fi ƙarfi ya sake masa wannan ɓangaren. Ni a Goronyo na koya, a hannun maigidana Sanda, kuma sirdi ya sakar mini. Da ya yaye ni na dawo gida Wurno, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro keke.

A shekarun nan ne ƙananan kekunan gwanjo suka cika kasuwa, masu dogon sirdin nan da muke kira ayaba saboda lanƙwasarsa. Farantin ƙarfe ne siriri, gaba a kan sanda, baya kuma ƙarafa biyu sun tallafe shi har gindin taya. A ido yana da kyau. Amma wanda ya ƙera shi don yara masu zagaya unguwa ya yi, bai san akwai hanyar ƙauyen Kwargaba a duniya ba. Aikinmu shi ne mu mai da shi abin da babba zai yi doguwar tafiya a kai.

Ga yadda Sanda ya koya mini. Kafin ka taɓa wuƙa, sai ka shimfiɗa kwali a kan benci ka ce mai keke ya zauna da duk nauyinsa. In ya tashi za ka ga gurbi biyu, inda ƙasusuwan zamansa suka danna, wannan shi ne awonka. Sannan ka tambaye shi kai tsaye inda ke yi masa ciwo, ƙashi ne ko tsakiya. Daga nan ka ce ya hau ya yi gaba, kai kuma ka tsaya a bayansa kana kallon yadda yake zaune, ko yana karkacewa, ko yana zamewa gaba. Sai ka gama wannan duka za ka yanka roba mai tauri ka shimfiɗa a ƙasa, ka ɗora soso daidai gwargwado, ka rufe. Sanda yakan ce wanda ke jin kunyar mazaunan mutane ya je ya sayar da goro.

To, Malam Haliru surukina ne, mahaifin matata Hajara.

Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Shi kansa ya shekara da shekaru yana zuwa Kwargaba Litinin da Alhamis, yana karantar da wasu dattawa manoma waɗanda ba su samu karatu da ƙuruciya ba, suka tashi nemansa da furfura. Ba wanda ya ɗora masa, ba kuma abin da yake samu sai gajiya, amma in ka hana shi zuwa kamar ka hana shi numfashi ne. A damina ya yi jinya a Sakkwato, abin da na sani ke nan, don ba a gaya wa suruki fiye da haka. Da ya warware sai babban ɗansa Yusha'u ya ce zuwa Kwargaba ya ƙare. Malam ya ce bai ƙare ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa zai bar babban kekensa mai tsawo ya koma ɗan gajeren nan mai ayaba, wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ga kuma wurin ɗaura littattafai a baya. In ya iya, ya ci gaba. In jiki ya nuna gazawa, ya zauna gida.

Yusha'u ne ya turo keken. Ya ce, "Baba yac ce a gyara sirdinga, shina da tauri."

Na ce, "Ina Malam ɗin? Ai sai an yi awo."

Ya dube ni ya yi dariya. "Kai za ka zamnar da shi bisa kwali?"

Ni ma na yi dariya, don gaskiya ya faɗa. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in na hango shi tafe nakan cire takalmi in durƙusa ina kallon ƙasa. Shi ma in zai yi mini magana bango yake kallo. Ta yaya zan buɗe baki in ce, Malam, ƙashi ne ko tsakiya? Ta yaya zan tsaya a bayansa in ƙura wa zamansa ido? Ko a mafarki na yi haka sai na yi istigfari.

Sai na yi abin da zuciya ta ba ni. Na ce tunda tsoho ne, kuma ya tashi daga ciwo, laushi yake bukata. Na nemo soso mafi laushi a kasuwa, na yi masa ninki biyu, na rufe da sabuwar leda baƙa mai sheƙi, har da ɗan ado a gefe. Duk wanda ya zo shagon sai ya danna da yatsa ya ce wannan ai katifar amarya ce.

Aka kai masa. Da yamma Hajara ta je gida ta dawo, na tambaye ta abin da ya ce.

"Yac ce ya yi, Allah shi yi albarka."

Ranar Litinin da hantsi sai ga shi ya biyo ta gaban shagona a kan keken, rawaninsa tsaf, littattafai a ɗaure a baya. Hanyar Kwargaba ba lallai ta biyo ta nan ba, amma ya biyo. Na durƙusa, ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba, ya wuce. Daɗi ya kama ni. Na ce wa maƙwabcina mai walda, ka ga aikin gwani.

Bayan 'yan makonni Hajara ta ce ta ga Baba yana ɗingishi, kuma in ya dawo daga Kwargaba ba ya iya zama cin tuwo sai a kishingiɗe. Na ce a kawo keken. Na ƙara soso. Aka mayar, saƙo ya dawo kamar na farko: ya yi, Allah shi yi albarka. Ku lura, duk wannan zance tsakanina da shi ta bakin mace yake bi, 'yar da ita ma ba za ta iya tambayar ubanta irin wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni da Hajara da Yusha'u, mu uku ne a tsaye a waje muna hasashe.

Haka aka cinye sanyi aka shiga bazara, Litinin da Alhamis yana wucewa ta gabana a kan keke, ina durƙusawa.

Wanda ya fasa ƙwan wani direba ne, Mamman, mai jigilar albasa daga ƙauyuka. Ya tsaya a shagona a ba wa keken ɗansa iska, muna hira sai ya ce, "Wai mi as samu keken Malam? Kai da kake makaniki ka bar surukinka shina turin keke?"

Na ce wane irin turi, ai ɗazu ya wuce a kai.

"A kai? To ni kullum bayan gari nika ishe shi, ya sabka shina turawa. Tun sanyi haka nika ganinai. Na tsaya in ɗauke shi, sai shi ce a'a, ƙahwa yaka miƙewa. Wace irin miƙewa ta, tun daga Wurno har Kwargaba cikin ranag ga?"

Famfon da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Ashe dattijon nan hawa yake yi daga ƙofar gidansa don 'ya'yansa su gani, ya zagayo ta shagona don in gani, da ya fita gari ya sauka ya taka da ƙafa. In ya faɗa a gida cewa ba ya iya zama, Yusha'u zai ce an gama magana. In ya aiko mini cewa aikin bai yi ba, ya kunyata mijin 'yarsa. Sai ya zaɓi ya biya da gwiwoyinsa. Ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina, na kuma ji haushinsa, Allah ya yafe mini.

Washegari na rufe shago na tafi Goronyo wurin Sanda. Abin da ya kai ni gare shi ba don maigidana ba ne kaɗai. Shi da Malam taubasai ne, uwar wannan da uban wancan ciki ɗaya, kuma kun san tsakanin taubasai babu maganar da ba ta faɗuwa. Na kwashe duka na gaya masa. Sai ya fara yi mini tambaya.

"Ka yi awo?"

"A'a."

"Ka tambaye shi?"

"Maigida, surukina na."

"To mi ya hana ka aiko shi wurina tun hwarko? Ni surukina na?"

Abin ko kusa bai zo mini ba. A lokacin gani nake in na tura aikin surukina wani shago, kamar na ce ban iya ba ne, ko kuma na raina shi.

Sanda ya biyo ni Wurno. Ya shiga zauren Malam yana ɗaga murya, "Ina tsohon nan da ka hawan keke da ƙahwa?" Ni ina waje a tsugune bakin ƙofa, ina jin Malam yana dariya yana ce masa ja'iri. Daga nan muryoyinsu suka yi ƙasa. Da Sanda ya fito, kwali na hannunsa da gurbi biyu a jiki.

Ya ce mini jinyar da aka yi a Sakkwato aiki ne aka yi masa a mafitsara, tsakiya ce ba ta son a taɓa ta ko kaɗan. Ga abin da nake so ku riƙe: soso mai laushi, in mutum ya zauna, ƙasusuwan nan biyu nutsewa suke yi, sai soson ya taso ta tsakiya ya danna daidai inda bai kamata ba. A zagayen unguwa ba za a ji ba. A doguwar hanya mai gargada azaba ce. Wato duk ninkin da na ƙara don girmamawa, ƙara masa ciwo na yi.

A yammacin nan muka kwance katifar amaryar. Muka faɗaɗa bayan farantin da katako, muka sa roba mai tauri a gurbin ƙashi biyu, muka yanke tsakiya ta zama kwari tun daga baya har kusa da hanci, muka sunkuyar da hancin kaɗan. Soso ɗan siriri, sai fata a maimakon leda don kada ta ɗau zafi. Kafin magariba mun gama. Aikin da bai ci yini ba.

Amma kafin nan gwiwar Malam ta dama ta riga ta kumbura, tana tara ruwa. Labarin turin keke kuma ya riga ya kai kunnen Yusha'u, don abin da direba ya sani gari ya sani. Ya tara ƙannensa, suka je suka durƙusa gaban uban har da hawaye, suka ce ya yi musu rai ya bar zuwa Kwargaba. Wannan karon Malam bai ja ba.

Muka kai masa keken duk da haka. Yana zaune a kan buzu, ƙafar a miƙe. Sanda ya jingina keken kusa da shi. Malam ya sa hannu ya shafa sirdin, ya bi kwarin nan da yatsa tun daga baya har gaba, ya danna inda ƙashi zai zauna. Bai dube ni ba, sai ya dubi Sanda ya ce:

"Ka hwaɗa mishi wanga shi na. Da shi anka hwara, da yanzu ina Kwargaba."

Bai taɓa hawansa ba. Ya rayu shekaru bayan nan yana karantarwa a zaurensa, amma dattawan Kwargaba ba masu barin gona da dabbobi su zo Wurno ba ne. Biyu sun gwada zuwa na ɗan lokaci, suka gaji. Na haɗu da ɗaya a kasuwa daga baya, ya ce mini littafinsu yana nan inda Malam ya tsaya, ba wanda ya ɗora musu.

An ce da na sani ƙeya ce. Ni ba na zagin kunya, da ita aka raine ni, kuma har Malam ya koma ga Allah ban ɗaga ido na dube shi ba. Abin da na koya shi ne mutanenmu ba sa cewa aikinka bai yi ba. Albarka za su sa maka su tafi da ciwonsu, kuma wanda ya fi ganin girmanka shi ya fi ɓoye maka. Saboda haka kada "ya yi" ta ruɗe ku. Wanda ba za ku iya zaunar da shi a kan kwali ku tambaye shi inda ke ciwo ba, kada ku taɓa sirdinsa. Ku gaishe shi da kyau, ku tura keken shagon wanda zai iya. Ni har yau ana kawo mini ayaba daga Rabah da Taloka, ana cewa hannuna ya fi na kowa, amma mutumin da na fi son ya ji daɗin aikina da ƙafa ya taka har gwiwarsa ta ƙare, don kada in ji kunya.