Gansakukar Baba

Jiya ƙanwata ta turo mini hoto daga jami'a: kwalabe jere da koren ruwa. Wai bincike take kan yadda ƙananan ƙwayoyin gansakuka ke tsabtace taɓon kwata. A ƙasa ta rubuta, "Aikin Baba na ci gaba." Na kife wayar.

Bayan gidanmu a Gummi akwai kududdufin da kwatocin unguwa ke zuba ciki. Baba bai taɓa yarda a kwashe gansakukar da ke kansa ba. Yakan ce, "Ku bar ta, ita ka cinye dauɗa." In rani ya yi taɓon ya bushe, warin ya kwanta, ni ke haƙe shi in kai gona a jaki. Shekara da shekaru, har tafin hannuna ya tsage.

Ran da ƙanwata ta zo hutun farko, ta gaya masa turawa ma sun gano gansakuka na cinye dauɗa. Ina cikin kududdufin, laka har gwiwa. Baba ya tsuguna da ƙyar, ya ɗebo koren ruwan a ƙoƙo ya miƙa mata, yana dariyar da ban san yana da ita ba.

"Ɗiyata, ke kaɗai kinka gane ni."

Ni kuwa ya ce in yi sauri, rana na yi.

Da safen nan na amsa mata, "Madalla." Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa. Ni ma Ya wanke mini abin da ya kwanta a zuciyata.