Ƙafafu Ashirin da Takwas na Malam Mani

A Yankara, in ka ga dattijo da tsohon buhun taki a kafaɗa yana zagaya wurin walima, bai damu da nama ba sai ƙashin da ke hannunka, to Malam Mani ka gani. Kada ka kuskura ka ce masa mahaukaci. Manomi ne da hankalinsa garau, zomaye ne suka mai da shi haka.

Zomayen ma ba nasa ba ne, na matarsa Zulaihatu ne. Shekara sha tara tana kiwonsu a bayan rumbu, gogan naka ko kallo ba su ishe shi ba, wai dabbar da ba ta kuka ba dabba ba ce. Da Allah ya yi mata rasuwa bara waccan, cuta ta bi ta kansu, saura zomanya ɗaya mai ciki. Ta haifi bakwai, ta yaye su, ita ma ta mutu. Malam Mani ya tsaya a kansu ido jajir, ya rantse irin Zulaihatu ba zai ƙare a hannunsa ba.

Sai ya shiga yi musu gata. Ciyawa? Haba, marayu za a ba ciyawa? Dusar masara zalla, safe da rana da yamma. Wata biyu shiru, ba girma sai tumbi, ƙafafu kuma suka lanƙwashe, suna jan gindi a ƙasa.

Shi a saninsa, ƙafa in ta karkace maganinta ɗori. Ya zuba su a kwando sai gidan Baba Jabiru maɗori, wanda ya shekara arba'in yana ɗora ƙafar 'yan acaɓa. Baba ya leƙa kwandon, ya ɗago ya dube shi.

"Ƙahwa nawa ke nan, Mani?"

"Ashirin da takwas, Baba."

Wallahi wuni suka yi, dattawa biyu, suna tsaga karan gero suna ɗaurewa da zare, har da tofi. Kafin Malam Mani ya kai ƙofar gida, majinyatan sun cinye ɗorin tas, kowa ya ci na maƙwabcinsa. A makon nan biyu suka mutu.

Ranar kasuwa ya tare Malam Hadi, malamin dabbobi, yana tsaka da yi wa awaki allura. Malam Hadi ya shafa ƙafar ɗaya ya ce, "Baba, ƙashi da abu biyu jiki ke gina shi, kalsiyam da fosfaras, kamar siminti da yashi. Dusa cike take da fosfaras, kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Ka ba su harawa, ka ƙona ƙashi ka daka, ka riƙa barbaɗa musu kaɗan."

Duk ya ji, ban da kalmar ƙarshe. Daga ranar ba suna, ba ɗaurin aure har garin Damari da ba a ganinsa. Kana cikin gwaguyar ƙashi za ka ji numfashi a ƙeyarka: "In ka gama, kar ka yar." Karnukan unguwa suka tsane shi, mata suka fara raɗa cewa tsibbu yake yi. Shi kuwa yana can yana kirɓa turmi, yana haɗa kwanon garin ƙashi da kwanon dusa, ɗaya da ɗaya.

Fitsarin zomayen ya koma fari fat kamar an dama farar ƙasa, har maƙwabcinsa ya tambaya ko zai samu na shafen zaure. Ba a jima ba uku suka kwanta, ba su tashi ba. Da ya koma wa Malam Hadi, sai mutumin ya riƙe kai ya ce, "Baba, kaɗan na ce, cokali ɗaya a kwano! Abin in ya yi yawa tsakuwa yake zama a mararsu."

Saura biyu, namiji da mace, dukkansu ƙafafu a gwame. Tsoro ya kama Malam Mani na gaske. Ya sayo cokalin shayi, ya rataye shi a wuya da igiya, har masallaci da shi yake zuwa.

Bayan wata biyar macen ta haifi shida. Bai yarda ya yi murna ba sai ranar da suka fito daga rami. Ya durƙusa ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana miƙar da kowace ƙafa a tafin hannunsa. Ashirin da huɗu, duk sambal.

Ya miƙe da ɗan zomo a hannu, ya nufi ɗakin da ke kudu da sauri har yana tuntuɓe, yana kira, "Zulai! Ke Zulai, hito ki gani!"

Sai da ya kai hannu zai tura ƙyauren ya ga kwaɗon da shi da kansa ya sa.