Gefen Hagu na Takalmin Colby

Yayata Darlene Maki ta shekara talatin da ɗaya tana washin ƙarfen da ke ƙarƙashin takalman gudu kan ƙanƙara a filin wasan hoki na kwalejin garinmu, a arewacin Minnesota, amma ba ta taɓa zama ta kalli wasa guda har ƙarshe ba. Ɗakinta na can bayan wurin canza kaya. Babu taga, sai injin washi da tukunyar kofi da rediyon da ba ya kama komai sai hasashen yanayi. In ka tambaye ta wa ya ci, sai ta ce ai ba a ba ta wannan aikin ba.

Ni kuwa, auta a gidanmu, wata ƙungiyar ƙwararru nake nemo wa 'yan wasa. Shekara tara ban kawo musu wani na kirki ba, har maigidana ya fara kirana da sunan wani. Sai ga Colby Zupancic, ɗan shekara ashirin da ɗaya, dogo, mai ƙarfin bugu, ya zura sha tara a raga a kakar wasa ɗaya, kuma babu ƙungiyar da ta riga ta ɗora masa hannu. Na ce wa kaina, to, Wendell, ga abin da zai tsare maka kujerarka. Ranar Juma'a zan aika rahoto.

Ranar Laraba na leƙa wurin Yaya shan kofi, bakina ya ƙi rufuwa.

"Colby?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba ya iya juyawa hagu."

"Yaya, sau goma sha huɗu na kalle shi."

"To, sau goma sha huɗu ka kalli raga. Miƙo min wancan."

Ta kifa takalmin Colby a tafin hannu, ta ja babban yatsana a kan ƙarfen. Gefe ɗaya ya cinye. Gefen waje na ƙafar hagu kuwa, wanda mutum ke dogara a kai in zai karkata hagu, sabo fil, kamar yau aka fito da shi daga kwali.

"Wata biyar ina washin abin da ba a taɓawa," in ji ta. "Sha kofinka, malam gwani, zai huce."

Haushi ya hana ni shan kofin. Washegari na je atisaye, na bar kallon raga, na zuba wa ƙafafunsa ido. Wallahi duk lokacin da wasa ya koma hagu, sai yaron ya zagaya ta dama kamar motar kwashe ƙanƙara. Yana da saurin da ke rufa masa asiri a kwaleji, amma a cikin ƙwararru minti biyu za a gane shi. Na yayyaga rahotona, na rubuta: kada a ɗauka.

Da labari ya kai wa uwar Colby, ta daina gaishe ni a coci. A liyafar Lahadi tana ganina ta janye kwanon dankalinta.

Da sanyi ya zagayo, na sake leƙa Yaya. Ta turo min takalmin Colby. Gefe biyun sun cinye daidai. Ashe tun bazara ta sa shi yake zuwa da safe yana kewaya filin ta hagu sau ɗari, ita tana ciki tana jin ƙarar ƙarfen ta bango, in ta ji ya yi ha'inci ta buga masa bangon da guduma.

Na ruga mota na kira maigidana in ce a ɗauki Colby. Ya ce ai wata ƙungiya ta riga ta gama magana da iyayen yaron, sannan ya karanta min rahotona na bara, a hankali, har da sa hannuna.

Na koma ciki ina huci. "Yaya, ke kika ce ba ya iyawa."

"Na ce ba ya iyawa. Ka tambaye ni ko zai koya?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka fita ka bar min kofi a kofi, ina zan gan ka?"

Yanzu 'yan sakandare aka mayar da ni dubawa. Kafin in shiga kowane fili, ɗakin mai washi nake fara nema, in zauna, in shanye kofin tas. Yaya ta ce har yanzu tambaya ɗaya nake yi in tashi.