Malamin da ya rubuta mini karatu da ƙwayar dawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan wayata ta karanto mini saƙon: Malam Isiyaku na Gozaki ya rasu. Sau uku na sa ta maimaita.

Ni dai da ba don shi ba, da igiya nake tuƙawa har yau.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ƙyanda ta tafi da idanuna, ina aji biyu. Babana ya ce boko ya ƙare, in zauna gida in koyi tuƙar igiya kamar sauran makafi. Malam, lokacin saurayi ne sabon zuwa, ya roƙe shi ya bar ni a makaranta zuwa kaka.

Ya taɓa ganin rubutun makafi a kwaleji, mai ɗigo shida ɗin nan, amma ina za a samo kayansa a Gozaki? Sai ya ɗauki allo, ya jiƙa ƙaro, ya riƙa manna ƙwayar dawa ɗaya bayan ɗaya. Ya shanya a tsakar gida ya tafi masallaci.

Kaji suka cinye darasin tas.

Bai yi fushi ba. Keke ya hau zuwa Malumfashi, ya sayo ƙananan ƙusoshi wajen wani Bayarabe mai gyaran takalma. Ya kafa su a jikin allon, da su na koyi baƙaƙe.

Da kaka ta yi, Baba ya ce hadda ce kawai nake yi, shi ba yaro ba ne. Ya ja Malam bayan rumbu ya raɗa masa abin da zai rubuta. Ina jin ƙarar guduma.

Aka miƙo allon. Na shafa, na karanta da ƙarfi: "Igiya ko makaranta?"

Na ce makaranta. Baba ya bar ni na ci gaba da karatu.

Shekara talatin na yi ina koyarwa, kuma ina alfahari da cewa ɗalibin Malam ne ni.

Bara na je gaishe shi a Funtua. Ya riƙe yatsuna yana dariya, ya ce, "Sani, kaji ba su cinye sauran karatun ba dai?"

Ba su cinye ba, Malam. Allon ma yana kan cinyata yanzu.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya saka shi a addu'a.